Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Tsaron Kanada: Kafin Jiragen Yaƙi Su Koma Sararin Labrador

Mai girma Minista,



A shekarar 2024 kafafen yaɗa labaran ƙasarku suka ruwaito cewa rundunar sojin saman Jamus na neman komawa sansanin Goose Bay da ke Labrador, don matuƙanta su ci gaba da atisayen shawagi ƙasa-ƙasa da aka jingine tun wajen 2005. Irin wannan buƙata, duk ofisoshin da za ta zaga, a teburinka za ta kwana. Ni ba ɗan ƙasarku ba ne. Daga arewacin Nijeriya nake rubutowa, ba ni da ƙuri'a a Kanada, ba ni da ko taku ɗaya na fili a Labrador. Amma abin da ya faru a can tsakanin 1980 da 2005 a rubuce yake, kowa na iya karantawa, kuma wanda ya karanta yana da damar ya ce wa mai riƙe da alƙalami: ranka ya daɗe, dakata tukuna.

Maganata ɗaya ce. Ƙarar da Jamus ta ga ta fi ƙarfin kunnen 'ya'yanta, bai kamata a yi dakonta a sauke a kan mutanen Innu, 'yan asalin Labrador, ba, sai in su Innu ɗin ne suka ce a kawo, bayan an yi musu tambayar da ake iya amsawa da a'a.

Na san dalilin soja. Na'urar rada miƙe take gani, ba ta leƙa bayan tsauni, ba ta bin lanƙwasar ƙasa. Jirgin da ke so ya kai hari ba a hango shi ba dole ya kwanta, ya bi kwari, ya bi bakin kogi, ya laɓe a bayan duwatsu. Wannan gwaninta ce da ba a koyonta a aji, kuma matuƙin da bai saba ba ƙasa ce za ta cinye shi tun kafin abokin gaba ya harbo. A Labrador an yarje musu su sauko har ƙafa 100, wato mita 30, tsayin bene mai hawa tara ko goma, suna gudun da kan kai kilomita 900 a awa. Mita 250 ke nan cikin daƙiƙa ɗaya. Sauti kansa kimanin mita 340 yake ci a daƙiƙa, don haka rugugin ba ya riga jirgin isowa da wani abin kirki. In akwai tsauni a tsakani, ba a jin komai sai ya fashe a bisa kai.

To, su wa ke ƙasa? Iyali ne a bakin tafki, cikin tantin zane, an shimfiɗa ɗanyun rassan bishiya a daɓe, murhun ƙarfe na ci a gefen ƙofa. Tsohuwa na kankare fatar karibu, barewar nan ta ƙasar ƙanƙara da rayuwar Innu ta rataya a kanta. Maigida ya fita duba raga a kwalekwale. A irin wannan daji mafarauci da kunne yake aiki, yana rarrabe karyewar reshe da motsin ruwa. Cikin wannan shirun ne jirgin Tornado ko Phantom zai tsago, da ƙarar da kan haura ma'aunin desibel 110, zanen tantin ya kaɗa, yara su ruga cikin itatuwa suna kururuwa, tsofaffi su dafe ƙirji. Kafin a ɗaga kai ya wuce. Abin da Innu suka fi kuka da shi, bayan ƙarar kanta, shi ne zaman jiran na gaba: ba a san yaushe ba, ba a san ta ina ba. Wanda ke zaman ɗar-ɗar ba ya iya koya wa jikansa farauta.

Me ya kawo jiragen Turai har wannan lungu? An gina filin Goose Bay a 1941, don jiragen da ake turawa Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu su yada zango. Turawan Ingila sun daɗe suna atisaye a wurin, amma abin ya bunƙasa ne da zuwan Jamus ta Yamma a farkon shekarun 1980, sai Holan ta biyo, Italiya ta zo daga baya. A 1986 Kanada ta sa hannu a yarjejeniyar shekara goma da ƙawayenta, aka sabunta a 1996. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Jamus ta Yamma jama'a sun gaji. Akwai yankunan da ake sauko wa har mita 75, ƙauyuka suka kafa ƙungiyoyi, iyaye suka yi ta kai ƙara. A Disambar 1988 jirgin Amurka samfurin A-10 ya faɗa cikin gidaje a garin Remscheid, ya kashe matuƙin da mazauna unguwa. A 1990 gwamnatin Jamus ta ɗaga ƙa'idar gaba ɗaya zuwa mita 300. Ka duba lissafin, ranka ya daɗe: mita 300 a kan Bajamushe, mita 30 a kan Ba'inne. Kunnen ɗaya bai fi na ɗayan kauri ba. Bambancin kawai shi ne ɗaya na da ɗan majalisa a Bonn, babban birnin ƙasarsa a lokacin, ɗayan kuwa ko a Ottawa ba a cika tunawa da shi ba.

Ba zargi nake yi a iska ba. Lokacin da Newfoundland da Labrador suka shiga tarayyar Kanada a 1949, sharuɗɗan haɗewar ba su ambaci 'yan asalin ƙasar ba ko da layi ɗaya. Innu ba su taɓa sa hannu a wata yarjejeniyar sallama ƙasarsu ba, ƙasar da suke kira Nitassinan. A shekarun 1950 da 1960 aka matsa musu su zauna wuri ɗaya, a Sheshatshiu da Davis Inlet. A farkon shekarun 1970 madatsar Churchill Falls ta shanye wuraren farautarsu da kaburburan kakanninsu, ba wanda ya zo ya yi musu sallama. Jiragen sun tarar da mutanen da aka riga aka ƙwace wa abu da yawa, waɗanda ɗan abin da ya rage musu shi ne watannin da suke komawa daji, abin da suke kira nutshimit. Can ne matasa ke nisantar giya da zaman banza na ƙauye, can ne harshe ke dawowa bakinsu. Can ɗin kuma aka zaɓa.

Hujjar da aka yi ta bayarwa ita ce wurin fayau yake, babu kowa. A taswira haka ne, babu ɗigon gari ko ɗaya a cikin yankin atisayen. Mu da muka tashi kusa da makiyaya mun san wannan kuskure. Wanda ya zo da rani ya ga burtali, sai ya rantse fili ne da ba mai shi, har ya fara tunanin kafa turaku. Ya jira damina ya ga ko na wane ne. Mutanen da ke bin dabba ba sa mallakar ƙasa ta hanyar zama a kanta kullum. Tafkin da ba kowa bana, baɗi iyali uku ne a bakinsa.

A nan ne tsarin kauce wa mutane da ma'aikatarku ta ɓullo da shi ya yi tuntuɓe. An ce duk mai fita daji ya sanar da sansani inda zai kafa tanti, matuƙa su ba shi tazarar 'yan mil. A takarda abin ya yi kyau. A ƙasa kuwa, mafarauci ba ya zama inda ya kwana, yana bin sawu ne. Kwaruruka da bakin tafkuna da matuƙi ke so don ɓuya daga rada su ne daidai wuraren da ruwa da kifi da itacen wuta suke, wato inda mutum zai sauka. Sannan da yawa daga Innu sun ƙi bayar da sanarwar, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya riƙa kai wa baƙo rahoton inda zai kwana a cikin gidan ubansa, don kada baƙon ya taka shi, wannan amincewa ce da cewa gidan ya tashi daga hannunsa.

Sai aka ƙara gishiri a miki. A tsakiyar shekarun 1980 Kanada ta shiga takara da Konya ta Turkiyya, kowa na so NATO ta kafa babbar cibiyar horar da matuƙan yaƙi a wurinsa. Da Goose Bay ta samu, ana maganar sawu har 40,000 a shekara. Daga 1988 Innu suka fita. Suka kafa tantuna a filin gwajin bama-bamai da ke kusa da tafkin Minipi, suka tsallaka shinge suka zauna a kan titin tashin jirage, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. An kama su da yawa, an tsare wasu. Cikin waɗanda suka ja gaba akwai Elizabeth Penashue, da ake kira Tshaukuesh, wadda aka buga littafin abubuwan da ta riƙa rubutawa da harshenta a 2019. Hugh Brody da Nigel Markham sun ɗauki fim a kan wannan gwagwarmaya mai suna Hunters and Bombers. Ina ba ka shawara ka kalle shi kafin ka karanta bayanin da hafsoshi za su ajiye maka.

A Afrilun 1989 alƙali James Igloliorte, wanda shi kansa ɗan ƙabilar Inuit ne, ya sallami Innu huɗu da aka gurfanar saboda shiga sansanin. Dalilinsa: sun shiga ne da imanin gaskiya cewa ƙasar tasu ce. Ya kuma ce lokaci ya yi da za a tuhumi tsohon tunanin nan na cewa gwamnati ta mallaki ƙasar ne don kawai ta furta ta mallaka. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shari'ar daga baya, amma ba ta amsa tambayar da ya ajiye ba. Cibiyar NATO kuwa an fasa ta a 1990, kuma kada wani ya yi tinƙaho da wannan: katangar Berlin ce ta faɗi, buƙatar ta kau.

Binciken muhalli da aka yi shi ne ɓangaren da na fi so ka tsaya a kai, don ina tsoron a maimaita shi. An kafa kwamiti a 1986. Rahoton farko da ma'aikatarku ta gabatar a 1989 an mayar mata da shi saboda giɓin da ke ciki. Aka sake wani a 1994, aka yi zaman jin bahasi, Innu suka ƙaurace don an ce batun mallakar ƙasa ba ya cikin abin da za a tattauna. A 1995 aka amince a ci gaba, aka ba da damar sawun ƙasa-ƙasa ya kai 15,000 a shekara, yankin ya zama murabba'in kilomita 130,000, fiye da rabin Jamus ta Yamma. Kwamitin bai ɓoye cewa ilimin da ake da shi bai wadatar ba, shi ya sa ya nemi a kafa cibiyar sa ido da bincike. Abin lura shi ne, duk tsawon shekara taran da ake wannan nazari, jiragen ba su huta ba ko na kaka ɗaya, dubban sawu kowace shekara. Ana tambayar ko abu na cutarwa, ana kuma ci gaba da yin sa. In ba a sami hujjar cuta ba sai a ce babu cuta, alhali ba wanda ya auna yadda dajin yake kafin jirgin farko.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowane bincike ne ya goyi bayan masu kuka ba. Wanda aka yi a kan wata shirwa mai cin kifi bai nuna wata babbar illa ba. Amma Fred Harrington da Alasdair Veitch, da suka bi garken karibu na tsaunukan Red Wine, sun wallafa a 1992 cewa 'yan maruƙan da iyayensu suka fi shan rugugin jirage lokacin haihuwa sun fi saurin mutuwa. Wani binciken a kan agwagin ruwa ya nuna halayensu na sauyawa bayan wucewar jirgi. Babban garken kogin George kuma, wanda ya kai wajen 800,000 a farkon shekarun 1990, ya koma kusan 5,500 a 2018, har gwamnatin lardin ta hana farautarsa tun 2013. Ba na ɗora wannan rushewa a kan jirage. Yawancinta ta faru ne bayan sun tafi. Abin da nake cewa shi ne, dabbar da a da ake iya cewa tana da yawan da za ta jure, yau ba ta da shi. An hana mafarauci ya harbi guda ɗaya don bikin makushan, inda ake taruwa a ci ɓargon karibu cikin girmamawa. Da wane baki za a ce masa jirgin yaƙi na iya bi ta kan masu ciki a lokacin haihuwa?

Ban manta da mutanen garin Happy Valley-Goose Bay ba. Gari ne na mutum dubu bakwai zuwa takwas, sansanin ne ya haife shi, kuma da yawansu sun goyi bayan atisayen don a nan abincinsu yake. Da Holan ta tattara a 2003, Birtaniya da Jamus da Italiya suka bi baya kafin yarjejeniyar ta ƙare a 2006, sun ji a jikinsu. Ba miyagu ba ne don sun so aiki. Laifin na tsarin da ya raba abin gida biyu ne, albashi a gari, firgita a daji: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya kuma bar gaba tsakanin maƙwabta da ke sayayya a kanti ɗaya. Gwamnati ce ta haɗa wannan faɗa, ita kuwa tana Ottawa.

Za a ce maka zamani ya sauya, kuma haka ne. Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, inda Birtaniya ta yi asarar jiragen Tornado shida, aka fi karkata ga jefa bam mai linzami daga can sama, shawagin ƙasa-ƙasa ya rage daraja. Yaƙin Yukren tun 2022 ya dawo da shi, don makaman kakkaɓo jirage sun cika sama, kowa ya koma bin kan itatuwa. Ban musa wa Jamus buƙatarta ba. Amma buƙatar mutum ba ta zama haƙƙinsa a gonar wani. In tsaron Jamus ya kai a sauko mita 30, 'yan siyasarta su fara tsayawa gaban masu zaɓensu su faɗi haka, su ga nawa za a ɗauka a gida. Birtaniya, duk da ƙorafin manomanta, tana yin wani ɓangare na nata a tsakiyar Wales da arewacin Scotland da kan iyakar Scotland da Ingila, tana buga jadawalin lokutan, tana da ƙofar karɓar koke da biyan diyya. Ba aljanna ba ce, amma aƙalla wanda ke shan ƙarar yana iya kayar da wanda ya ba da izini a akwatin zaɓe.

Akwai kuma tambayar da ba a so a yi sai bayan ta'adi: in jirgin baƙo ya yi ɓarna, wa zai amsa? A ranar 3 ga Fabrairun 1998, jirgin sojin Amurka samfurin EA-6B Prowler da ya tashi daga sansanin Aviano ya sauko ƙasa da ƙa'ida a kwarin da ke kusa da garin Cavalese na Italiya, ya tsinke igiyar ƙarfen da ke ɗauke da keken hawa dutse. Mutum 20 suka mutu. Saboda yarjejeniyar NATO kan matsayin dakarun baƙi, ba a Italiya aka yi shari'ar ba, a Amurka aka yi, kuma a 1999 kotun soja ta wanke matuƙin daga laifin kisa. Abin da aka kama shi da shi daga baya shi ne hannu a ɓatar da faifan bidiyon tafiyar. Italiya ƙasa ce mai kujera a teburin NATO, haka ta ƙare da ita. Ina ga iyali guda a bakin tafki, da ba su da shaida sai idonsu, ba su ma iya karanta lambar jirgin da ya wuce cikin ƙiftawa?

Ranka ya daɗe, kana da abin da magabatanka na 1986 ba su da yawancinsa, wato doka a fili. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkinku na 1982 ya amince da haƙƙin 'yan asalin ƙasa. A shari'ar Haida ta 2004 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne gwamnati ta tuntuɓe su ko da ba a kammala tabbatar da mallakarsu ba. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali, a sashe na 30, ta hana ayyukan soja a ƙasashensu sai da ƙwaƙƙwaran dalilin maslahar jama'a ko da yardarsu, ta kuma wajabta tuntuɓa ta gaske tun kafin a fara. A Yunin 2021 majalisarku ta yi dokar da ta ɗaure gwamnati ta daidaita dokokinta da wannan sanarwa. Na ga ƙofar da aka bari a buɗe, ta maslahar jama'a, kuma na san lauyoyi za su nuna maka ita. Ina roƙonka kada ka bi ta nan. Horar da matuƙan wata ƙasa, a kan kuɗi, don a sauƙaƙa wa ƙauyukanta, in har ya shiga wannan ƙofa to babu abin da ba zai shiga ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin ofishinka ba. A bayyana takardar buƙatar Jamus yadda take, da tsayi da sawu da watanni da taswira, a fassara ta zuwa harshensu na Innu-aimun, a kai ta Sheshatshiu da Natuashish, inda mutanen Davis Inlet suka koma, a kuma tsallaka iyakar lardi a kai wa Innu na Quebec, irin su Unamen Shipu da Pakuashipi da Nutashkuan, don jirgi bai san iyakar lardi ba kuma su ma ta kansu aka bi. Kada jirgi ko ɗaya ya sauko kafin a gama magana. Wannan karon nazari ya riga tashi. In sun yarda da wani ɓangare, su ne za su shata inda ba a bi da lokacin da ba a tashi, musamman watannin haihuwar karibu da na fitar iyalai daji, ba su riƙa kai rahoton makwancinsu ba. A ba wakilansu ikon ganin bayanan da na'urar kowane jirgi ke ajiyewa, don in an ce an sauko ƙasa da ƙa'ida kada a koma musun baki tsakanin tsohuwa da kanar. A rubuta tun yanzu kotun da za ta saurari ƙara da aljihun da diyya za ta fito. Yarjejeniyar kuma ta zo da ranar ƙarewa, wadda ba ta sabunta kanta.

In kuwa bayan duk wannan amsar da ta fito daga waɗannan garuruwa ita ce a'a, ka rubuta wa Berlin haka, da sa hannunka.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani marubuci daga arewacin Nijeriya